Sunaye Biyu da Inna Ta Tsallake

Rubutu ne kala-kala a kan baƙin allon kwamfuta, wani layi kore, wani ruwan goro, wani shuɗi, suna saukowa a karkace kamar matakalar bene. Shi na fara gani. Daga baya ne na ga hannun da ke buga shi, da lallen da ya fara gogewa a farce, sannan gilashin ido da hijabi ruwan toka. Fotokwafin takardar sakandare ya kai ni shagon, a bakin titin da ya ratsa Batsari, kuma ina riƙe da ledar nama da Baba ya ce in miƙa wa mai shagon. Na tsaya a bayanta har ledar ta fara ɗiga a kan takalmina.

A lokacin na karanta littattafan soyayya fiye da yadda na taɓa karanta na makaranta. Ƙanwata mai bi mini ce ke aro su, ni ke fara karantawa a cikin bangon littafin lissafi. A can na koyi cewa duk ranar da saurayi ya ga wani abu ya tsaya cak, to ƙaddararsa ce ta iso. Don haka na yanke hukunci nan take: wannan baiwar Allah wasiƙa take rubutawa da wani ɓoyayyen yare, kuma akwai wanda ya ɓata mata rai.

"Malam, jini kake zubarwa a ƙasa," ta ce, ba ta ko juyo ba.

"Wasiƙa ce?" na tambaya.

"Manhaja ce. Matsa, ka tare mini fanka."

'Yar bautar ƙasa ce daga Zariya. Da safe tana sakatariya, da la'asar tana koyar da kwamfuta a wannan shagon. Malama kowa ke ce mata, ni ma haka na ce mata har ta tafi. Ta yi mini bayani a taƙaice, kamar mai korar ƙuda: duk abin da ke cikin waya, mutum ne ya zauna ya rubuta shi layi-layi, rubutun ana ce masa kod, mai rubutawa kuma injiniyan manhaja.

Kalmar injiniya ce ta gama da ni. A littattafan nan jarumi ko likita ne, ko matuƙin jirgi, ko injiniyan da ya dawo daga ƙasar waje da mota mai baƙin gilashi. Ban taɓa cin karo da ɗan mahauci a ciki ba, sai dai a shafin walima, nan ma naman kawai ake gani. Ni kuwa ɗan fari ne a gidan fawa. Ga shi an ce akwai injiniyancin da ba ya neman jirgi ko sufana, sai zama a gaban fanka kusa da mai gilashi. Na ba da sunana kafin a gama fotokwafin.

Na sami Baba a rumfa yana saran ƙashi.

"Injiniya," ya ce. "To madalla. Injin niƙan maƙwabta kwanansa uku a tsaye, je ka gwada hannunka."

"Ba irin wannan ba, Baba."

"Na famfo?"

"Na cikin waya."

Ya ɗaga wayarsa mai tocila ya jijjiga ta kusa da kunne, kamar zai ji ni a ciki. Abokan rumfa suka yi dariya. Sai ya ajiye gatari ya ce, "Daga yau zuwa babbar salla na ba ka. In abinka ya kama, Allah ya sa albarka. In bai kama ba, ga wuƙarka can a rataye, tun kana aji uku maƙeri ya ƙera ta da sunanka. Ba na son in ƙara jin wata magana bayan nan."

Kwamfuta uku ce a shagon, ɗaya tana warin ƙauri in ta yi rabin awa. Wuta kuma sai ta ga dama. Saboda haka yawancin kod ɗina a littafin rubutu na yi shi, a rumfar Baba, tsakanin mai sayen hanta da mai sayen tumbi. Da la'asar in kai wa Malama, ta riƙe shafin da yatsu biyu saboda maiƙo, ta bi shi da jan biro.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kwamfuta ba ta gane ishara. A littattafaina kallo ɗaya ya isa a fahimci shafi goma. Ita kuwa sai ka faɗa mata komai ɓaro-ɓaro, in ka bar ɗigo ɗaya ta tsaya ta zuba maka ido. Ranar da Malama ta koya mana cewa ana iya barin ɗan bayani a cikin kod, layin da kwamfuta ba ta karantawa sai mutum, na ga ƙofa ta buɗe. Washegari na rubuta a tsakiyar aikina: "A nan ne zuciyar manhajar ke bugawa, ba ta kuma bugawa don kowa sai mai karanta ta." Littafin ya dawo da jan rubutu a ƙasan layin: "A nan ne take mutuwa. Ba ka rufe baka ba."

Na yi kwana biyu ina nazarin wannan amsa ko akwai wani abu a ƙarƙashinta. Babu. Ban rufe bakan ba ne, wato alamar nan mai lanƙwasa da in an buɗe ta a kod sai an rufe.

Mu biyar muka fara, kafin azumi ya wuce saura ni kaɗai. Wata la'asar Malama ta ce wani tsohon malaminta yana da ƙaramin kamfani a Kano, yana ɗaukar masu koyon aiki, ya ce ta turo masa mutum ɗaya. "Amma ba zan tura littafi mai warin kitse ba," ta ce. "Ka yi abin da mutane na gaske za su yi aiki da shi yini guda, ina tsaye ina gani. In babu, gara in ce masa babu kowa. Bautar ƙasata kuma tana ƙarewa kafin salla."

Mutanen gaske da na sani masu layi su ne na Gwaggo. Yayar Baba ce, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti a Safana. Ranar rigakafi mata kan cika barandar, da yawansu waɗanda rashin zaman lafiya ya taso daga wajen Runka, katin yaro ya ɓace a hanya ko ya jiƙe a ƙullin kaya. Gwaggo ita ke rubuta rajista, ita ke allura, ita ke tsawa. Na ce zan rage mata ɗaya. Waya za ta riƙa bin layi hannu zuwa hannu. Tun da yawancin matan ba sa karanta boko, wayar ce za ta yi magana, ta yi tambaya uku: sunanki, sunan mijinki, sunan yaro. Mace ta amsa da baki, wayar ta adana muryar, daga baya a buga. Wata mai zuwa ko babu kati, a nemo yaro da suna. Na kuma tsara ta yadda ba za ta wuce tambaya ba sai ta ji amsa. Wannan dabarar na fi alfahari da ita.

Muryata na sa. Na shiga ɗakin ajiyar fata na lulluɓa da bargo don kada ƙarar babura ta shiga, na sauke murya can ƙasa irin yadda nake jin jarumai na magana a kaina. Na gwada a teburin mai shayi. Abokaina suka ɗaura tawul a ka, suka siranta murya, kowa ya ba da sunan mijinsa ba gardama. Wani ma har uku ya bayar. Komai ya tafi daidai. Gwaggo ta ce in kunna mata ta ji, na ce a'a, so nake in ba ta mamaki. A littattafai haka ake yi.

Ranar muka hau a-kori-kura zuwa Safana, Malama a gaba, ni a baya kan buhunan masara, cikin shaddata ta ƙaramar salla da turare rabin kwalba. A hanya na riga na rubuta ƙarshen babin a raina: mata na sa albarka, Malama ta cire gilashi ta goge wata 'yar ƙwalla.

"Injiniya ya iso," in ji Gwaggo bayan mun gaisa. "Wannan ƙamshin fa, ɗaurin aure za ka wuce daga nan?"

Ta farko a layi wata matashiya ce daga wajen Runka, da goyo. Na miƙa mata wayar na danna. Muryata ta fito, ta cika barandar: "Aminci ya tabbata a gare ki, ya ke uwa mai daraja, fitilar gida, inuwar 'ya'ya."

Ta dubi ta kusa da ita. "Mi ta ce?"

"Wai ke hitila ce."

Aka yi dariya, ni ma na yi, ina ganin nasara ce. Wayar ta nemi sunanta, ta faɗa a hankali. Sai ta ce, "Yanzu faɗi sunan mijinki."

Matar ta ja gefen hijabi ta rufe baki, ta kafa ido a kan siminti.

"Ban ji ba, ya ke mai daraja," in ji muryata. "Sake faɗin sunan mijinki."

Na manta ban faɗa ba, na tsara ta ta riƙa ƙara ƙarfi duk lokacin da ta maimaita, saboda hayaniyar yara. A karo na uku har masu sayar da awara a bakin ƙofa sun ji. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta gyara zama ta ce, "Wai ɗan gidan wa ne a cikin abin nan? Ba shi da manya?"

"Ga shi nan tsaye, mai shadda," wata ta ce.

Duk suka juyo. Na ji turaren nan ya yi mini yawa.

Matar dai, don ta rabu da masifa, ta kai bakinta kusa da wayar ta ce, "Maigidan." Wayar ta yi godiya ta wuce. Da ta zo kan yaro, ashe ɗan fari ne, sai ta ce, "Wannan." Nan ma ta yi godiya. Shi ke nan sauran suka gane hanya. Kafin azahar na tara mazaje masu suna Malam, da Maigida, da Shi, da Baban Yara, da wani guda mai suna Allah Ya Shirye Ka. Gwaggo kuwa ta ajiye wayar gefe. Ta jawo tsohuwar rajistarta ta ci gaba daga inda ta saba.

Abin haushin shi ne ba baƙon abu aka nuna mini ba. Na sani mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na ɗanta na fari. Kowa ya sani. Amma a darussan da na koya, kowane fom da akwatin suna yake farawa, sai na kwafo akwatin na kawo shi Safana ban tambaye shi ko ya san mutane ba.

A mota Malama ta ce, "Ni ma na karanta tambayoyin a rubuce ban ga komai ba. A takarda ba su da laifi." Sai ta ƙara da cewa, "Rigakafi na gaba shi ne na ƙarshe da zan gani. Ka gyara, ko ka wasa wuƙa."

Cire tambayoyin ba zai yiwu ba. A layi ɗaya sai ka sami mata huɗu masu suna ɗaya daga ƙauye ɗaya. In babu sunan miji da na yaro, ba ka san wa aka yi wa allura ba. Barin su kuma na ga abin da ya jawo. Da na isa gida na yi abin da jarumai ke yi: na shiga ɗaki na kwanta na juya wa duniya baya, na ce ba zan ci abinci ba. A littafi ana yin mako guda a haka. Ni zuwa la'asar ƙamshin miyar kuka da man shanu ya fara shigowa ta taga yana raunana mini niyya.

Sai na ji Inna a tsakar gida, da ƙarfin da ta san zan ji: "Ke, tambayi wancan ko azumin nafila yake."

Wancan ni ne. Tun da na yi wayo haka take ce mini. In tana son in ɗebo ruwa, ƙanwata take gaya wa, ko ta gaya wa randar cewa ta kusa ƙafewa. Ranar da aka sa ni makaranta Gwaggo ce ta kai ni, don ita ce za ta iya faɗa wa hedimasta ko ni wane ne. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin wani abu ba, kamar yadda mutum ba ya lura da ƙofar ɗakinsu.

Ƙanwata ta shigo, ba ta tambaye ni komai ba, ta zare wayar daga caji ta fita. Labarin Safana ya riga ni isowa gida, kuma ita ba ta barin irin wannan dama ta wuce. Ta leƙen labule na ga ta ajiye wayar a kan tabarma gaban Inna, wadda ke tankaɗen garin gobe. Muryata ta kira Inna fitilar gida. Inna ta ce, "Oho." Ta faɗi sunanta. Sai tambaya ta biyu ta zo. Na rufe ido.

Rariya ba ta ko tsaya ba. "Ke, faɗa mata," in ji Inna.

"Baba," ƙanwata ta ce.

"Ba wannan ba. Na takarda."

Ƙanwata ta faɗa tana ƙunshe dariya. Da aka zo kan ɗan fari Inna ta nuna ta da haɓa, ta sake faɗa. Wayar ta yi godiya. Inna ta karkaɗe rariya ta ce, "Ki ce da shi ai ba a rasa mai faɗa. Ita wayar ce ba ta san wanda za ta tambaya ba. Ki kuma ce tuwo zai huce."

Na ci malmala biyu.

Washegari na koma Safana ba shadda ba turare, na zauna a ƙarshen benci ranar awon ciki, na kalli Gwaggo tana aiki. Shekara da shekaru ina ganinta, ban taɓa kallonta ba. Takan gaisa da mace, ta tambayi sunanta, sai ta karkata kai wajen ta kusa: "Matar wa ce?" Ta kusa ta faɗa. Mata ba sa cika zuwa su kaɗai, ko maƙwabciya ko ƙanwar miji tana nan. In kuwa mace ta zo ita kaɗai ba wanda ya san ta, sai Gwaggo ta duƙar da kai kan rajista ta fara jero sunayen maza ɗaya bayan ɗaya, kamar mai magana da kanta. In ta zo kan na daidai sai matar ta sunkuyar da kai ko ta ja mayafi. Gwaggo ta rubuta. Matar ba ta kama sunan da bakinta ba.

"Gwaggo, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni? Cewa ka yi za ka ba ni mamaki. Ka kuwa ba ni."

Aikin Gwaggo na kwafa, ban ƙara komai nawa ba. In an zo kan miji ko ɗan fari, wayar za ta ce a miƙa wa ta kusa. In babu ta kusa, a taɓa koren wuri, wayar ta jero sunaye a hankali, mace ta taɓa allo in ta ji nata. Na ciro sunayen daga tsofaffin rajistocin Gwaggo, waɗanda suka fi yawa a gaba. Kod ɗin kwana uku ya ɗauke ni. Murya ce ta zama matsala. Tawa dai an riga an yanke mata hukunci. Ta Gwaggo muka gwada, wani yaro da ke baranda ya ji ta a waya ya fashe da kuka, don ya san abin da ke biyo bayanta. Malama ta ce ita ba 'yar rediyo ba ce. Ƙanwata ba ta iya kai suna biyar ba ta yi dariya ba.

Na aika ƙanwata ta roƙi Inna, ina tsaye a wurin. Inna ta ce wa ƙanwata ta gaya mini sai bayan ta gama wanki.

A ɗakinta muka yi, da hantsi, an kulle zakara a akurki. Na ba ta gaisuwar da na rubuta, wadda na rage mata fitila da inuwa. Ta saurara ta ce a ajiye. Ta yi tata: "Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mai jego, ya yaro? Ya muka ji da haƙuri?" Ta ɗan dakata bayan kowace, daidai yadda za a amsa. Sannan aka shiga sunaye, ƙanwata na karantowa, Inna na maimaitawa da muryar da take lallashin jariri da ita. Mun yi nisa sai ƙanwata ta karanto sunan Baba, da gangan ta ja shi.

Inna ta yi tari, ta gyara ɗankwali. "Na gaba."

Muka ci gaba. Can sai ga nawa. Ƙanwata ta faɗa, ta sake faɗa, tana kallona. Na matso da wayar kusa da Inna. Ba zan ɓoye ba, a wannan daƙiƙar na manta da Kano. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin yadda sunana yake a wannan bakin ba, ga shi ina riƙe da abin da zai adana shi.

Inna ta miƙe. "Tukunyata na kamawa," ta ce wa ƙofa, ta fita. Ba a hura wuta a gidan ba tukuna.

Sunayen nan biyu kuwa suna cikin waɗanda suka fi yawa a yankinmu, ba yadda za a bar su. Gwaggo ce ta cike gurbin. Nawa ta faɗe shi kamar ta kama ni da hannu a tukunya. Na Baba kuma ta kira shi yadda take kiransa yana yaro in ya ƙi zuwa rijiya. Saboda haka jerin yakan tafi a sanyaye, a sanyaye, sai tsawa ɗaya, ya koma sanyi, can gaba wata tsawar.

Ranar rigakafi ta biyu ban tsaya kusa ba. Wayar ta bi layi. Mata na amsa gaisuwar Inna kamar tana zaune a gabansu, wata har da "lafiya lau, ya gida?" Ana zuwa kan miji sai ka ga waya ta koma hannun maƙwabciya, ta faɗa, ta mayar. Wani jariri ya tsotsi gefenta, sau ɗaya kuma ta ɗauke sai da na kashe na kunna. Matar nan ta wajen Runka ta dawo karɓar maganin yaro, wannan karon ita kaɗai, Gwaggo ta ce a sake yi mata rajista tun da wancan karon Maigidan aka adana a matsayin sunan mijinta. Ta taɓa koren, ta kara a kunne. Ta daɗe tana saurare. Ta ɗan zabura a tsawar Gwaggo ta farko. Can sai ta taɓa allon da sauri, ta ja hijabi ta rufe baki, amma idonta dariya yake.

Tsohuwar nan ma tana nan. "To wannan ta san mutane," ta ce. "Ina mai shaddar?"

"An sallame shi," in ji Gwaggo, tana cika sirinji.

Bayan azahar Malama ta zaɓi mata uku da kanta, ta nemo su da suna, yaransu suka fito daidai. Ta rufe wayar ta miƙo mini. "Ka goge maganar zuciyar nan da ke cikin kod kafin in tura. Akwai guda bakwai, na ƙirga."

Da na ga rana ta yi kyau, sai na zaro wasiƙar da na yi wata huɗu ina gyarawa na ba ta. Washegari ta dawo mini da ita cikin littafina, da jan biro a ƙasa: "Ta yi tsawo. Ba a san abin da kake nema ba sai shafi na huɗu. Amsa a'a ce, an sa ranata bayan salla. Ka riƙa gwada abu a kan mutanen da aka yi shi dominsu." Na yi baƙin ciki yadda ya kamata, na kwana biyu, ina ci ina sha.

Kiran Kano ya zo saura kwana uku salla, aka ce in zo bayanta. Don haka fiɗar wannan shekarar da ni aka yi, gida-gida, har hannuna ya ƙage. Ranar tafiya Baba ya sauko da wuƙar daga inda take rataye, ya naɗe ta a fata ya tura cikin jakata. "Tafi da ita. Injiniya ma yana cin nama."

Yau manhaja nake rubutawa, da ita nake ci. Motar mai baƙin gilashi ba ta iso ba tukuna. Gwaggo ta yi ritaya, waɗanda suka gaje ta sun daɗe suna aiki da wayar kafin a kawo musu wani tsarin.

Inna kuwa, wata shekara ta je suna a Safana. Tana shiga ta ce sannunku, ya mai jego, sai wata mata ta ajiye kwanon da ke hannunta ta ce, "Wallahi ta cikin waya ce." Aka kewaye ta, aka kawo yara su gaishe ta, waɗanda ta jero sunayen ubanninsu tun suna goye. Ta dawo gida da goro da turmin atamfa, tana faɗa wa ƙanwata cewa wancan ya ja mata magana. Yanzu ko a kasuwar Batsari ba ta cika gaisawa da ƙarfi ba, wai kada a gane ta. Tana da wayarta, ta kuma iya tura saƙon murya da kanta, tun da ƙanwata ta yi aure ba mai kai aike. Kai tsaye lambata take turowa, ba wanda ke saurare sai ni. Na jiya daƙiƙa tara ne: "A gaya wa wancan an ga saƙo, Allah ya yi albarka. A kuma ce masa ya rage zama gaban abin nan, ya ci abinci."